Jikan Kawu Bakur Ya Shiga Konfarens

Duk wanda ya taɓa zama a falon Kawu Bakur a unguwar Ka'akiyya ta Makka ya san usur ɗin nan nasa. Na ƙarfe ne, ya dushe saboda tsufa, yana rataye a wuyansa da igiyar takalmi a ƙarƙashin jallabiya. Shekara da shekaru shi ne alƙalin wasan ƙwallon yaran unguwa, tun suna zaune a Jarwal kafin a rushe layinsu a gina otal. Da ciwon gwiwa ya hana shi gudu sai ya bar fili, amma bai bar alƙalanci ba, gida ya dawo da shi. In ka katse wa babba magana, usur. In ka shigo ba sallama, usur. In aka zuba maka shayi ka bar shi ya huce kana latsa waya, wannan har da nuna maka ƙofa da yatsa.

Ni ranar da na fara zuwa gidan aka busa mini. Daga Kano na zo Makka karatun digiri na biyu a fannin fiƙihu, mahaifiyata ta ce lallai in nemi ɗan'uwanta Bakur, wai kakanninsu wa da ƙane ne, kakansa ya taho hajji a ƙasa bai koma ba. Na sa babbar riga, na haddace gaisuwa da Larabcin littafi, na je. Ya saurare ni har na gama, sannan ya juya ya gaya wa matarsa, Gwaggo Hajara, da wata tsohuwar Hausar Kano da ko kakata ta daina yi, wai an aiko musu mai karanta labarai. Aka kawo shinkafa da kaza a babban tire. Na hango wata cinya a can ɓangarensa, na miƙa hannu cikin ladabi. Ƙarar da na ji a kunnena sai da ta sa na saki cinyar.

"Tasallul, ya waladi," in ji shi. "Satar gida ka yi, yarona. Koma layinka."

Tun daga ranar ya raɗa mini suna Daktur, ba don girmamawa ba.

A Makka aka haife shi, a Makka ya tsufa, bai taɓa taka Kano ba, amma sai da ya yi mini gardama a kan inda Ƙofar Mata take. Na ce masa a unguwar na girma. Ya ce to an matsar da ita ke nan, domin babansa ba ya ƙarya. Sana'arsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda su a can suke kira mukayyif, kuma yana da ɗan shago a Misfala inda masu masaukin alhazai suke layi a kansa. Amma mukayyif ɗin falonsa ya girme ni. In aka kunna shi sai ka rantse injin markaɗe ne, dole kowa ya ɗaga murya. 'Ya'yansa sun sha sayo sabo, yana mayarwa. Wai sababbin ba su da amana, ba ka sanin suna aiki ko ba sa yi, nasa kuwa yana faɗa da bakinsa.

To, maganar da na zo yi ta jikansa ce, Rayyan, wanda ya taso a hannunsu. Dogo ne, mai shiru, Larabci ya fi ƙarfi a bakinsa, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Allah ya ba shi ƙafa. In ya buga ƙwallo har a gidajen da ke bayan fili ana jin ƙarar. Matsalar ɗaya ce, ba ta taɓa shiga raga. Kullum sama take yi, ta tsallake raga, ta tsallake katanga. Akwai ranar da ta sauka a kan mukayyif ɗin wani maƙwabci ta lanƙwasa shi, Kawu ya kwashe yini yana gyarawa kyauta yana mita. Daga nan ya hana a riƙa sa shi a wasa, kuma ya faɗa a gaban mutane cewa Allah ya ba yaron nan ƙafa amma ya hana ta ido. Mutane suka yi dariya. Rayyan bai yi ba. Da ya samu gurbin karatun injiniya a Amurka ya tafi, sai ya zama in ya kira waya da kakarsa yake hira, kakan kuwa gaisuwa ce kawai, lafiya lau, lafiya lau, a miƙa wa Gwaggo.

Ana nan sai labari ya zo cewa an ɗauki Rayyan a ƙungiyar ƙwallon jami'arsu. Kawu ya ce lallai ƙasar tana fama da ƙarancin mutane. Amma ya ce a nemo masa wasan ya gani, kuma a kira Daktur, tunda shi ne ya fito daga ƙasar Turanci.

A nan ya kamata in gaya muku gaskiyar Turancina. Makarantar Larabci na yi, kuma Turancin jarrabawar gama sakandare sai da na maimaita kafin na haye da kyar. Amma a gidan Kawu ni ne sarki. Na taɓa karanta wa Gwaggo rubutun jikin kwalbar magani, ta sha ta warke, shi ke nan sunana ya kafu. Ban ga dalilin da zan rushe abin da ban sha wahalar ginawa ba.

Wata Lahadi bayan la'asar na zo da kwamfutata, na sauke wasan da aka yi jiya, na jona da talabijin. Muka ga ƙarti sun fito sanye da hular kwano, kafaɗunsu kamar an cusa matashi. Ƙwallon kanta ba ta yi kama da ƙwallo ba, ta fi kama da gwanda. Aka fara, wani ya sunkuya ya miƙa ta da hannu ta tsakanin ƙafafunsa, wani ya cafe, sauran suka rufar wa juna kamar ana rabon zakka. Kawu ya busa usur. Ya sake busawa. Ya yi ta busawa yana nuna talabijin, hannu, ƙeta, hannu, har Gwaggo ta fito daga kicin ta cire usur ɗin daga wuyansa ta jefa a aljihunta. Ita kaɗai ce a duniya take iya yin haka.

Ya tambaye ni me masu sharhi suke cewa. Na kasa kunne. Mutanen nan ta hanci suke magana, kuma da gudu. Na ce masa suna bayanin dokoki ne. Ya tambaye ni wane ne Rayyan a ciki. Na duba na ga wanda kowa yake miƙa wa ƙwallo, shi yake jifa, shi kamara take bi, na ce ai ga shi nan, shugabansu ne ma. Kawu ya gyara zama. Muka bi mutumin nan da ido tsawon lokaci, har Kawu ya fara cewa jifan nasa ba laifi, ya gaji hannun babansa. Can aka tafi hutu, mutumin ya cire hular kwano, sai ga gashi fari sol kamar gashin masara, fuska ja wur.

Mukayyif ne kawai yake magana.

Gwaggo ce ta gano shi. Tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi, ta nuna can gefen fili inda wani dogo yake kai da komo shi kaɗai da kofin ruwa, ta ce ga ɗana can, wannan tafiyar kakansa ce, kamar mai bin bashin ƙasa. Shi ne kuwa. Muka zauna muna jira, aka yi ta kokawa, shi yana gefe. Sai can da wasa ya yi nisa muka ga ya sa hula ya shigo da gudu. Wani ya durƙusa ya dafa masa gwandar a ƙasa. Rayyan ya ja baya, ya taho, ya ɗaɗa mata ƙafa. Ta tashi sama, ta yi sama, ta tsallake ƙarfen da ke gicciye, ta wuce ta tsakanin wasu dogayen ƙarafa biyu masu kama da gwafa, ta faɗa cikin 'yan kallo.

Kawu ya dafe kai. "Ya sake," ya ce a hankali. "Har a ƙasar mutane."

Sai kuma muka ga filin ya ɗauki sowa, alƙalai biyu sun ɗaga hannuwa sama, abokansa suna bubbuga masa hula. Kawu ya ce alƙalan neman tsari suke yi. Ni kuwa na lura lambar da ke ƙasan talabijin ta ƙaru da uku, na yi ta maza na ce masa ai ci ne, a wannan wasan sama ake so ta bi, kuma aikin Rayyan ke nan, ya shigo ya buga ya fita. Wannan karon, cikin ikon Allah, na faɗi daidai. Kawu ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce:

"Wato yaron nan bai gyara kuskurensa ba. Tashi ya yi ya nemo ƙasar da kuskuren nasa shi ne doka."

Ya rantse ba zai ƙara kallon wannan shirmen ba. Lahadi ta zagayo ya kira ni, wai Gwaggo ta yi dambu kuma ba mai ci, in taho da kwamfutar don kada a sace a ɗakin kwanan ɗalibai. Haka muka yi ta yi har kakar wasan ta ƙare. Na ce masa ana iya yanko wuraren da Rayyan ya buga kawai mu huta, ya ce alƙali ba ya kallon rabin wasa. Duk sanda masu sharhi suka ambaci sunan yaron sai ya juyo ya dube ni, ni kuma in ce sun ce daga ganinsa gidan tarbiyya ya fito. Wata rana ya ce mini Turawan nan akwai son maimaita magana.

Ƙarshen kakar ne abin ya faru, wanda na san da yawanku saboda shi kuke karanta wannan.

Rayyan ya turo wa Gwaggo hoto a waya, fuskarsa ce da rubutun Turanci manya-manya a ƙasa. Aka aiko a kira ni. Na karɓi wayar na duba, sai zuciyata ta yi fari, domin akwai kalmar da na sani sarai, konfarens. Wannan ai ba baƙuwata ba ce. Na halarci konfarens a Kano, na riƙe wa malamai jaka, na sha lemo. Na gyara murya na sanar da su cewa an zaɓi Rayyan daga cikin dukkan jami'o'i zai halarci babban taron ilimi, abin da Larabawa suke kira mu'utamar, kuma yana cikin tawaga ta biyu. Kawu ya tambaya me zai yi a can. Na ce bisa al'ada, wanda aka sa hotonsa haka, maƙala zai gabatar.

Ban taɓa ganin Kawu cikin irin wannan farin cikin ba. Ya ce alhamdu lillahi, yanzu ya ji magana, ashe wasan ƙartin nan bai cinye masa karatu ba. Mutumin da yake wanke leda ya shanya don a sake amfani da ita, shi ne ya sa aka yanka rago aka yi shinkafa tire-tire. Ya gayyaci maƙwabta, da tsofaffin abokansa na Misfala, da limamin masallacin layinsu, ya ce ni kuma in zo da abokan karatuna su ga yadda ake yi. Aka zaunar da ni a damansa, can ƙuryar falo, wuri mafi nisa daga ƙofa. Na lura da wannan nisan daga baya.

Bayan an fara ci sai ya sa aka kira Rayyan ta bidiyo, aka ƙure murya, aka kashe mukayyif don girman ranar. Kowa ya yi masa mabruk, barkar can ke nan. Sai liman ya matso ya tambaye shi cikin natsuwa mene ne taken maƙalar da zai gabatar, kuma a wane fanni.

Rayyan ya ce wace maƙala?

Aka yi masa bayani. Sai muka ga hoton yana girgiza, muka ga silin ɗakinsa, muka ji wani sauti kamar ana shaƙe akuya. Da ya samu ya dawo, yana share hawaye, ya warware mana da Larabci tiryan-tiryan, yadda ba mai buƙatar tafinta. Konfarens a wajensu rukunin jami'o'i ne da suke wasa da juna. In kaka ta ƙare, masu horarwa sukan zauna su zaɓi wanda ya fi kowa a kowane gurbi, su ne sahun farko, sai masu bi musu, sahu na biyu, sai wasu da ake ambata a yaba ƙoƙarinsu kawai. Shi an zaɓe shi a sahu na biyu a cikin masu bugu. Babu taro, babu maƙala, babu lemo.

Ina da loma a hannu, na rasa inda zan kai ta. Abokan karatuna duk sun sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Na rufe ido ina jiran usur.

Bai busa ba. Ya karɓi wayar ya kawo ta daf da hancinsa.

"Na biyu? Wane ne na farkon?"

Rayyan ya faɗi sunan wani yaro daga wata jami'a. Kawu ya ce ɗan gidan uban waye shi, kuma su wa suka yi zaɓen, kuma sun taɓa ganin mukayyif ɗin da ƙafar nan ta lanƙwasa daga bayan katanga? Mutumin da ya kori yaro daga filin unguwa shi ne ya tsaya a gaban liman yana rantsuwa cewa an yi wa jikansa maguɗi. Sai da ya gama faɗansa ya waiwayo gare ni.

"Daktur, kai kuma ci namanka. Taro ya tashi."

Daga wannan rana ba wanda ya ƙara kira na Daktur a Ka'akiyya. Konfarens nake. Mai shagon tamis, gurasar nan ta tanda da muke karyawa da ita, wanda ko Hausa ba ya ji, shi ma Ustaz Konfarens yake ce mini. Na gama digiri, na yi aure, na dawo Kano ina koyarwa, amma ko bara da na je umara wani tsoho ya hango ni a Misfala ya ƙwala mini sunan daga tsallaken titi.

Shi kuwa Kawu sai tsarin ya burge shi, ko da yake bai yarda da masu zaɓen ba. Ya ɗauke shi ya ɗora wa komai. Masu tamis na unguwa, akwai na sahun farko da na biyu. Surukansa ma haka, kuma yana sauya musu matsayi bayan kowace sallah. Gwaggo ya ce ita sahun farko ce ba hamayya, ta ce ya cire ta daga shirmensa. Na tambaye shi ni fa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ina cikin waɗanda aka ga ƙoƙarinsu.

Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne, wayar gidan ta sauya hannu. Yanzu in Rayyan ya kira, Gwaggo ce take samun lafiya lau, lafiya lau. Kawu yakan ƙwace ya kwashe lokaci yana ba shi shawarwarin da ba su da amfanin komai. Ya ci dabino kafin wasa. Ya shafa man zaitun a ƙafar dama kawai, don kada ta hagu ta saba da gata. Ya gaya wa mai horar da su cewa ba mutunci ba ne a taso yaro daga Makka a sa shi wasan da bai kai tsawon atishawa ba. Rayyan yana dariya yana cewa to, Sidi, haka suke kiran kaka namiji a can. Saboda yawan shan faɗa har Hausarsa ta ƙaru, duk da cewa yawancin kalmomin da ya koya ba na gaida surukai ba ne.

A shekararsa ta ƙarshe a jami'a, ana tsakiyar kakar wasa, ciwon ƙoda ya kwantar da Kawu. Aka kai shi asibiti, likitoci suka gaya wa 'ya'yansa abin da suka gaya musu. Shi kuwa doka ɗaya ya kafa, kada wanda ya gaya wa Rayyan. Gwaggo ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce yaro yana da hakki ya sani. Ni ma na sa baki na kawo masa maganganun malamai a kan zumunci, ya ce in ajiye su sai ranar maƙalata.

Ranar da Rayyan zai kira, sai ya sa a tayar da shi zaune, a ɗora masa gutura, farin mayafin nan na ka, a ɓoye hannun da ke da allura a ƙarƙashin bargo. Ni kuma aikina in tsaya a bayan gado in ɗaga dardumar salla da hannu biyu, don ta rufe bango da na'urorin asibiti. Ku ƙaddara mutum mai rubuta kundin digiri na biyu, tsaye kamar ƙusa, hannuwansa suna karkarwa, wata nas tana leƙowa tana tambaya ko addu'a ce ake yi. Mun yi haka sau da dama lafiya. Rannan ana cikin hira, Kawu yana bayanin man zaitun, sai Rayyan ya karkata kai.

"Sidi, ina ƙarar mukayyif?"

Kawu ya ce ya gyara shi ne. Rayyan ya ce tun yana yaro ake gyara shi bai taɓa yin shiru ba. Daidai nan hannuna ya gaza, dardumar ta zame, komai ya fito.

Yaron nan ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce gobe zai hau jirgi. Saura wasanni kaɗan ne a lokacin, kuma su ne na ƙarshe da zai yi a rayuwarsa, domin daga jami'a sai aiki. Ni dai a raina na ce ya taho, domin na ji abin da likita ya faɗa. Kawu ya bar shi ya yi kukansa, sannan ya yi magana da wata murya da ban san shi da ita ba, ba faɗa, ba tsokana.

"Na taɓa fitar da kai daga fili, ya waladi. Ba zan ƙara ba. Ka gama wasanka. Ni ma zan yi ƙoƙari in gama nawa a hankali."

Makonnin nan sun yi mana tsawo. Duk sanda wayata ta yi ƙara sai in zaci daga asibiti ne. Ranar Lahadi nakan kai kwamfuta asibiti in ɗora masa a kan teburin cin abinci, wani lokaci barci ya ɗauke shi tun ba a yi nisa ba, amma ya sa na yi alkawarin tashinsa duk sanda dogon ya sa hula. Yakan buɗe ido, ya bi gwandar da kallo har ta faɗa cikin mutane, ya ce hmm, ya koma.

Da hoton ƙarshen kaka ya zo, ni aka sake miƙa wa wayar, don a gidan nan ba a sallamar ma'aikaci. Wannan karon sai da na tambayi duk wanda na sani da ya taɓa wucewa ta ƙofar ajin Turanci, sannan na je bakin gadonsa na ce masa Rayyan ya shiga sahun farko. Ya dube ni da ido ɗaya.

"Ka tabbata ba limanci suka ba shi ba?"

Na ce na tabbata. Ya juya fuskarsa bango. Gwaggo ta yi mini alama in fita, na fita.

Allah ya ara masa kwana har Rayyan ya iso. A lokacin an dawo da shi gida, an sa masa gado a falo. Yaron ya shigo da jakarsa a kafaɗa, ya durƙusa ya gaishe shi da Hausa tsaf, har da ina gajiya, duk da shi ne ya sha hanya. Ya fito da allon yabon da aka ba shi, Kawu ya ture shi gefe ya ce ba wannan ba, ƙafar zai gani. Rayyan ya cire safa ya ɗora ƙatuwar ƙafarsa a gefen gado yana jin kunya. Tsohon ya dafa ta da hannunsa da ya rame, ya daɗe yana motsa baki. Sannan ya yafito shi ya matso da kunne, amma da yake shekara da shekaru ya saba magana a kan ƙarar injin, raɗar tasa har kicin an ji.

"Ni har yanzu ban yarda ci ba ne. Amma tunda su ba su gane ba, kada ka gaya musu."

Gwaggo ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta koma wani abu dabam.

Bai daɗe ba bayan nan. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, tare da alhazan da ba su san shi ba daga kowace ƙasa. Ku da kuka san Makka kun san yadda ake ɗaukar makara a can, da sauri kamar ana tsere. Rayyan yana gaba, ni ina baya ina haki, takalmina ɗaya ya cire a cikin turmutsutsu, ban tsaya nema ba. Haka na raka shi har maƙabartar Shara'i, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa mai zafi, kuma sai da aka gama rufe shi na ji zafin.

Allah ya jiƙan Kawu Bakur. Ya karɓi baƙon da bai taɓa gani ba ya mayar da shi ɗan gida, ya ciyar da ni, ya yi mini dariya a gabana bai taɓa yi a bayana ba. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya sanyaya masa. Allah ya ba Gwaggo Hajara haƙurin zama a falon nan ita kaɗai, ya raya abin da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.